Yadda ake raba gida da kyankyaso ba tare da an jefa iyali cikin hatsari ba

Wata damina da asuba na ɗaga faifan da na rufe furar yara da shi, sai ga kyankyasai biyu manne a jikinsa, na ukun kuma yana iyo a cikin ƙwaryar. Na zubar da furar raina a ɓace, na faɗa wa Malam. Ranar kasuwa ya dawo da 'yar kwalbar fiya-fiya, muka yayyafa a kowane lungu, muka rufe ɗakin tun daga la'asar har bayan isha'i. Da safe gawarwakin da na share sun kusa cika abin kwasar shara. Amma a daren nan autana bai runtsa ba, tari yake yi, ƙirjinsa na kuka kamar usur, sai da muka kai shi asibiti. Bayan mako uku na haska fitila a bayan kabet, sai na ga 'ya'yan kyankyaso ƙanana kamar ƙwayar shinkafa suna ta guje-guje. Mun wahalar da yaro, abin da muke gudun kuma yana nan daram.

Wani ƙanen Malam da ya yi aikin dubagari shi ya zaunar da mu. Ya ce da ni, “Yaya, wanda kika gani ya mutu, shi ne wanda ya fito. Wanda ke cikin bango da wanda ke cikin ƙwai ba su san an yi feshi ba.” Hanyar da ya ɗora mu a kai ita zan shimfiɗa a nan, tare da abin da na ƙara koya da hannuna. Ta ɗauke mu kusan wata uku, kuma yawancin aikin ba na kuɗi ba ne.

Ki fara sanin wane iri ne a gidanki

Iri biyu ne suka fi damunmu. Akwai babban, jaja-jaja mai sheƙi, tsawonsa ya kai santimita 4, wanda yakan tashi sama idan zafi ya yi yawa. Gidansa masai ne da kwata da rariya, daga can yake shigowa ɗaki da dare. Akwai kuma ƙaramin, mai ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonsa bai wuce santimita 1 da rabi ba, da baƙaƙen layi biyu a bayan kansa. Wannan ba baƙo ba ne, ɗan ɗaki ne. Yana zaune cikin kabet, bayan jeren kwanuka, cikin rediyo, ƙarƙashin ledar ɗaki, kuma yawanci a cikin kwali ko tsohon kayan katako aka shigo da shi gidan.

Dalilin da ya sa feshi ba ya gamawa da su yana cikin ƙwansu. Macen ba ta zuba ƙwai ɗai-ɗai, tana haɗa su ne cikin wata 'yar jaka mai tauri, mai kama da ƙwayar jan wake. Jakar babban tana ɗauke da ƙwai wajen 16, uwar takan manna ta a wani lungu ta yi tafiyarta, sai bayan mako 6 zuwa 8 su ƙyanƙyashe. Ta ƙaramin kuwa ƙwai 30 zuwa 40 ne a ciki, uwar tana yawo da ita a bayanta kusan wata guda har zuwa dab da ƙyanƙyasa, 'ya'yan kuma cikin wata biyu ko uku sun isa haihuwa. Maganin feshi ba ya ratsa wannan jaka. Shi ya sa bayan 'yan makonni sai a ga kamar ba a taɓa yin komai ba.

Kada kuma a ɗauke shi ƙazanta kawai. Ƙafar da ya taka bangon masai da ita, da ita yake taka tuwon ɗumame, yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki. Kashinsa da saɓar da yake yi idan suka bushe suka zama ƙura suna tayar da asma, musamman ga yara.

Zagayen dare

Kafin ki sayi komai, ki ba da dare biyu ga dubawa. Bayan kowa ya kwanta da kamar awa ɗaya, ki ɗauki tocila ki shiga madafi, ki haska gindin randa, bayan kabet, ƙarƙashin gado, bakin rariya, sannan bayan gida. Ki lura da inda suke gudu su shige idan haske ya same su, domin can ne gidansu. Da rana ki koma waɗannan wuraren ki nemi kashinsu, wanda yake kamar garin masoro ko ganyen shayi da aka barbaza, da jakunkunan ƙwai, da wani wari mai kama da na tsohon mai. Duk jakar ƙwan da kika samu ki murƙushe ta ko ki jefa a murhu, kada ki zuba a shara. Idan har kina ganin kyankyaso yana yawo da rana tsaka, to maɓoyar ta cika ne har wasu sun rasa wuri.

Ki haɗa tarko ma, don ki riƙa gane ko aiki na ci. Ki samu kwalba mai faɗin baki, ki shafa baslin a cikin wuyanta zagaye, faɗin yatsu biyu. Ki jefa guntun burodi jiƙaƙƙe da yankan albasa a ciki, ki naɗe bayan kwalbar da tsumma ko takarda don su samu abin hawa, ki jingina ta da bango. Za su shiga, santsi ya hana su fita. Da safe ki zuba ruwan omo mai kumfa, nan take za su mutu, domin kyankyaso ta wasu ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa yake numfashi, ruwan sabulu kuwa yana toshe su. Ki riƙe yawan abin da kika kama a kowace kwalba a daren farko.

Ruwa ne lagonsa

Wannan shi ne abin da ban sani ba a da. Kyankyaso yana iya yin makonni bai ci komai ba, amma ƙishirwa cikin kwanaki kaɗan take kayar da shi. A gidajenmu kuwa mun tanadar masa mashaya ba mu sani ba. Randa tana tsatsafo, gindinta kullum a jiƙe. Moɗa tana ɗiga. Wurin wanke-wanke yana kwana da laima, buta tana kwana a buɗe, baho da ragowar ruwan wankan yara yana nan a tsakar gida.

Ki ɗora randa da tulu a kan kafa ta ƙarfe ko ta itace, yadda iska za ta ratsa ƙasansu, ki sa ƙaramin kwano yana tare ɗigon, ki zubar da shi kowane dare. Idan a cikin yashi kika kafa randar don sanyi, ki riƙa sauya yashin, ki kuma janye ta daga jikin bango. Murfin randa ya zama wanda ya zauna daidai. Ki gama wanke-wanke kafin magariba don wurin ya sha iska, ki kife kwanuka a kan abin da zai tsane su. Kaskon ruwan kaji a zubar da shi idan sun shiga akurki, a kife. Tsumman goge-goge da soson wanke-wanke a matse a rataye a igiya.

Saboda wannan ne na fi ba da shawarar a fara yaƙin da hunturu ko farkon bazara. Lokacin ƙasa ta bushe ƙayau, ba su da inda za su sha sai abin da kika bar musu. Da damina ko'ina ruwa ne, aikin yakan ninka. Amma idan da damina suka dame ki, kada ki jira, ki fara.

Abincin dare

Abin da kyankyaso zai ci ya ƙoshi bai kai ƙwayar gero ba, don haka sharar safe kaɗai ba ta wadatarwa. Sharar da ta fi muhimmanci ita ce ta bayan cin tuwon dare. A kakkaɓe tabarmar da yara suka ci abinci a kai, a share wurin, a kai sharar waje. Na san akwai gidajen da ba a son shara da dare. Mu ma da Inna, mahaifiyar Malam, ta ga na ɗauki tsintsiya bayan isha'i sai ta ce, “Ke 'yar nan, ba a shara da dare.” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, ba zan fitar da ita ba, zan tara a bokiti in rufe har gari ya waye.” Ta amince, kuma haka muke yi har yau.

Tukunyar tuwo da aka jiƙa don ƙanzo a rufe ta da murfinta a ɗora dutse. Ɗumame da miya su kwana a kwano mai murfin da ke kamawa. Faifai yana tare ƙuda, amma kyankyaso ta gefensa yake shiga. Garin tuwo, tsaki, sukari, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa da busasshen kifi a juye su cikin bokitin roba ko gwangwani mai murfi, domin leda ba ta gagare shi ba. Turmi a goge shi a kife. Dusa da harawa a raba su da ɗakin kwana. Buhunan hatsi a ɗora su kan katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta shiga.

Sai yara. Wanda ya kwanta da maiƙo a baki ko a yatsu, kyankyaso yakan bi shi har shimfiɗa. A wanke musu hannu da baki kafin barci, a kuma soke gidan sauro ƙarƙashin katifa sosai.

Masai

Idan babban kyankyaso ne matsalarki, a nan rabin aikin yake, kuma a nan ake buƙatar maigida. A shekarar 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, kuma abin alfahari ne ganin kusan kowane gida da masansa. Sai dai ramin da ba murfi ɗaki ne mai ɗumi da laima da abinci, duk abin da kyankyaso yake nema a duniya.

A yi wa bakin ramin murfi. Ba tsohon kwano ko fasasshen faranti ba, katako ne mai nauyi da aka yanka ya ɗan fi bakin faɗi, da dogon mariƙi don kada hannu ya taɓa ƙasa. Idan daɓen ba shafaffe ba ne murfin ba zai zauna ba, sai an fara gyara shi da siminti. A duba gefen daɓen da inda ya haɗu da katanga, duk tsagar da aka gani a cike ta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, balle kyankyaso da tsagar da ba ta fi kaurin kwabo ba ta ishe shi.

Idan masan yana da bututun fitar da wari, a hau a ɗaure bakinsa da ragar sauro ta waya, a riƙa dubawa ko ta yage. A ajiye bokitin toka a ciki, duk wanda ya gama ya zuba gwangwani guda. Toka tana rage laima da wari, ƙuda ma yana raguwa. Wanda yake da hali, akwai mazaunin roba mai ɗan murfi a ƙasa da ke rufe kansa bayan an kora ruwa, ana ɗora shi a bakin ramin a kama da siminti. Shi ne ya fi komai toshe hanyar.

Abin da nake roƙo kada a yi shi ne zuba fetur ko kananzir a rami. Tururinsu yana taruwa a ciki, wani ya shigo da aci-balbal ko sigari, wuta ta tashi. Haka nan tuttula maganin ƙwari a ramin ba ya kashe na jikin bango, sai dai ya koro su su fantsamo tsakar gida da ɗakuna gaba ɗaya. Sannan abin da aka zuba a rami ƙasa yake bi, kuma gidaje da yawa rijiyarsu ba ta kai nisan mita 30 da ake so tsakaninta da masai ba.

Rariyar da ruwan wanka ke fita ita ma ƙofa ce. A sa mata raga a kama da siminti, a riƙa cire dattin da ya taru. A waje kuma a haƙa rami a cika shi da duwatsu da tsakuwa, ruwan ya riƙa nutsewa maimakon ya kwanta ya zama kwata a gindin katanga.

Ranar fitar da kaya

Ki zaɓi rana mai zafi, ki nemi masu taya ki. Komai na ɗakin ya fito tsakar gida: katifa, tabarmi, akwatuna, kwalla da samira na jere, kabet idan zai ɗauku. Ki saki kaji a wurin, domin ba a sa magani ba tukuna, kuma duk wanda ya faɗo ba zai yi nisa ba. Ki riƙe bokitin ruwan omo a kusa don waɗanda suka taru a lungu.

Kwalaye su ne babbar maɓoyar ƙaramin kyankyaso, yana shiga cikin ramukan da ke tsakanin takardun kwalin ya zauna. Ki rabu da su duka, ki ƙone. Littattafan yara da takardun Malam a kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, a mayar cikin akwatin ƙarfe ko bokiti mai murfi, domin yana cin takarda da gam ɗin da aka ɗinke littafi da shi. Kayan da ba sa wankuwa a ƙulle su cikin baƙar leda a shanya a rana tun daga hantsi har la'asar. A watan Afrilu da zafin Kano da Jigawa yake haura digiri 40, cikin baƙar leda ya fi haka nesa, kuma ba ya barin babba ko ƙwai. Rediyo da waya kada a yi musu haka, a buɗe su a kakkaɓe da buroshi.

Ki ɗage ledar ɗaki ki duba ƙasanta. Idan ta yayyage gara a cire ta. Ki wanke cikin kabet da ruwan zafi da omo, ki kankare kashin da ya manne, domin warinsa ne yake kiran 'yan'uwansu su taru a wuri ɗaya. Kafin a mayar da kaya a bi bangon da yaɓe ko siminti, musamman gindinsa, da gefen ƙyaure da taga, da inda azara ta shiga bango. Ƙasan ƙofa a buga masa yankin tsohon tub na babur ya riƙa shafar ƙasa. Wajen mayarwa kuma kada a manna komai da bango.

Ganyen darbejiya busasshe a cikin akwatin tufafi yana da amfani, ni ma ina sawa. Amma kora yake yi, ba ya ƙarar da su, kada a dogara da shi shi kaɗai.

Sai a ba su abincin da zai kashe su

Yanzu da kika hana su ruwa da abinci, yunwa za ta kai su ga abin da kika ajiye musu. Da kin fara da wannan matakin tun farko, da ƙanzo da ɗumame sun fi jan hankalinsu.

Mafi sauƙin kuɗi ita ce hodar borik asid, farar hoda da ake samu wurin masu sayar da sinadarai, irin na kasuwar Sabon Gari a Kano, da wasu manyan shagunan magani. Ki auna cokali 1 na hodar, cokali 2 na fulawa, cokali 1 na sukari. Ki goga 'yar albasa a ciki, ki ɗiga ruwa ko madara kaɗan-kaɗan kina juyawa da tsinke har ya yi kamar kwaɓin cincin. Ki sa leda a hannu ki mulmula ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Kada ki ƙara hodar da nufin ya fi ƙarfi, idan ta yi yawa ƙin ci suke yi. Kwanon da kika kwaɓa a ciki ya zama gwangwanin da za ki yar.

Yadda za a ajiye shi ya fi yadda za a haɗa shi muhimmanci, domin ga idon yaro alewa ce, ga kaza kuma tsaba. Ki samu gwangwanayen madara ko na tumatir, ki huda gefensu ƙofa biyu da yatsa zai iya shiga, ki sa ƙwaya biyu a ciki, ki toshe saman, ki tura can bayan kabet, ƙarƙashin gado ta jikin bango, saman katangar bayan gida, bayan buhuna, duk wuraren da zagayen dare ya nuna miki. Gara wurare 10 da kaɗan-kaɗan da wuri ɗaya mai tuli. Ki ƙirga gwangwanayen ki riƙe adadinsu. Ragowar hodar a rubuta mata suna a ɗaga sama, nesa da gishiri da kanwa, don kamarsu ɗaya da garin gishiri.

Borik asid ba ya kisa nan take. Sai bayan kwana 3 zuwa 10 za ki fara ganin gawa, ko ki ga suna tafiya a hankali da rana. Ki sauya ƙwayoyin duk mako biyu, ko da zarar sun bushe sun yi tauri ko sun yi fumfuna.

Wanda yake da ɗan hali ya nemi maganin da yake zuwa cikin sirinji kamar man goge baki, a shagunan kayan noma na Kano, Dutse ko Haɗeja. A duba jikinsa a ga sunan sinadarin, irin su fipronil ko indoxacarb ko imidacloprid, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ana ɗiga shi ne ƙanana kamar ƙwayar dawa, a cikin tsaga, a kusurwar kabet, a jikin fatar ƙyaure, tazarar kamu ɗaya ko biyu tsakanin ɗigo da ɗigo. Ga ƙaramin kyankyaso ban ga abin da ya kai shi ba. Wanda ya ci yakan koma maɓoya ya mutu a can, 'ya'yan da ba sa fitowa su ci kashinsa, wasu su ci gawarsa, gubar ta bi su har inda hannunki ba ya kaiwa. Idan bayan wata biyu kin ga sun daina kula shi, ki sauya zuwa mai wani sinadarin.

Abu biyu za ki kiyaye a wannan lokaci. Kada ki fesa maganin gwangwani kusa da inda kika sa abincin, warinsa zai hana su zuwa, kin ɓata aikin da hannunki. Sannan kowace asuba ki share gawarwakin ki binne ko ki ƙone kafin a buɗe akurki, kada kaji su tsattsage su.

Maganin gona ba na ɗaki ba ne

Fiya-fiya da Sniper sinadarinsu ɗaya, sunansa dichlorvos, kuma tururinsa yana shiga huhu, ruwansa yana ratsa fata. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ake rasawa. Ɗakin ƙasa da ƙaramar taga ɗaya ba ya fitar da wannan tururi cikin awa biyu ko uku, yana kama katifa da tufafi da garin tuwo. Jariri da mai ciki da tsoho da mai asma su suka fi shan wahalarsa.

Wanda ya fi shi muni ita ce ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake da hatsi, mai sinadarin aluminium phosphide. Da ta sha laimar iska sai ta saki iskar gas da ke kashe mutum yana barci, tana kuma ratsa tsagar bango zuwa ɗakin da ke kusa, kuma ba ta da makari. Kada a taɓa ajiye ta a ɗaki don kyankyaso ko kuɗin cizo ko ɓera, kada kuma a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa ita. Mai son adana wake ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba. Allin kyankyaso da ake zana layi da shi ma guba ne, kuma yara suna ɗaukarsa allin makaranta.

Idan tsautsayi ya faru, aka ga mutum yana dalalar da yawu, gumi na keto masa, yana amai ko gudawa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, numfashi na yi masa wuya, a fitar da shi iska, a cire kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan, domin abin yana iya komawa huhu. A tafi asibiti mafi kusa nan take, a riƙe kwalbar a nuna wa likita, domin gubar fiya-fiya tana da allurar da ke karya ta idan an kai da wuri.

Maƙwabta da sauran watanni

A gidan yawa, ɗaki ɗaya ba ya rabuwa da kyankyaso shi kaɗai. Idan kin gyara naki, na abokiyar zamanki ko na facalarki yana nan, ta saman bango za su dawo. Ki same su da lalama, kada maganar ta zama gorin ƙazanta, domin kyankyaso yana shiga ɗakin mai tsafta ma. Mu rana ɗaya muka sa, kowa ta fito da kayanta, muka haɗa kuɗin hoda da siminti, maza suka ɗauki aikin masai da rariya. Maƙwabcin da katangarku ɗaya, maigida ya yi masa magana a zaure. Juji kuma a matsar da shi daga gindin katanga.

Duk mako ki mayar da kwalaben tarko wurarensu na farko ki gwada da abin da kika kama a daren farko. A mako na uku ko na huɗu za ki iya ganin ƙanana sun ƙaru. Kada ki karaya, ƙwan da aka bari ne ya ƙyanƙyashe, kuma su ne ake so su tarar da abincin yana jiransu kafin su isa haihuwa. Ki ci gaba har wata uku, sai kin yi mako biyu a jere kwalba na kwana ba kowa, sannan ki tattara gwangwanayen, ki ƙirga su cika, ki binne. Daga nan duk kwalin da ya shigo daga kasuwa, da kayan gado ko kabet na hannu da aka sayo, su yini a rana kafin su shiga ɗaki.

Akwai abu ɗaya da yakan faru kafin a kai ga nan, ga masu kwana a tabarma musamman: ƙaramin kyankyaso ya shige kunnen yaro cikin dare. Yaron zai farka da ihu yana riƙe da kunne. Kada a sa tsinke ko ashana, turawa ciki za a yi, ƙwaron kuma ya ƙara yaƙushi. A kwantar da yaron kunnen yana sama, a ɗiga man gyaɗa ko man zaitun mai tsabta wanda ba a ɗumama ba har ya cika ramin kunnen. Cikin 'yan mintuna motsin zai tsaya, zafin ya lafa. Idan kunnen dama yana zubar da ruwa ko mugunya, kada a ɗiga komai. Ko ta yaya, da gari ya waye a kai shi asibiti a ciro ƙwaron, a duba ko wani ɓangarensa ya saura a ciki.